Yadda za ka biya ka fita da wuri a layin masu kaya kaɗan

An yi layin masu kaya kaɗan ne domin wanda ya shigo kanti ya ɗauki madara gwangwani ɗaya, sabulu da burodi, ya biya ya kama gabansa. A manyan kantuna za ka ga allo rataye bisa kes ɗin, wato wurin biyan kuɗi, an rubuta iyakar kayan da aka yarda da su, galibi 10, wani wurin 5. A Maradi, inda yawancin kantuna kes ɗaya ko biyu gare su, sau da yawa babu allon. Mai kanti ne ke buɗe kes na biyu in jama'a ta taru, ya ce masu abu ɗaya ko biyu su dawo nan. Da allo ko babu, ɓacin ran iri ɗaya ne: ka shiga layin don sauri, kana tsaye kana kallo wanda ya cika kwando biyu a ɗaya layin ya riga ka fita.

Lokacin da mutum ke ci a gaban kes kashi biyu ne. Akwai na wuce kaya a gaban na'ura. Akwai kuma wanda kowa sai ya ci ko da ashana ɗaya ya saya: gaisuwa, jin jimilla, laluben aljihu, ƙirga kuɗi, neman canji, jiran tike (takardar shaidar biya), sa kaya a leda. Wani malamin lissafi ɗan Amurka, Dan Meyer, ya yi lissafin wannan, ya samu cewa kowane mutum na cin kusan daƙiƙa 41 a kashi na biyun, kowane kaya guda kuwa kusan daƙiƙa 3 kawai. Ka auna da kanka. Mutum biyar, kowa da abu 4, za su ci daƙiƙa 265, wato minti 4 da ɗoriya. Mutum ɗaya mai abu 40 zai ci daƙiƙa 161, bai ma kai minti 3 ba. A garinmu kashi na biyun ya fi haka tsawo, don da tsabar kuɗi aka fi biya, canji na wuya, gaisuwa kuma ba a yanke ta. Saboda haka wurin biya ne lokaci ke zubewa, kuma can ya kamata shirinka ya fi ƙarfi.

Kafin ka zaɓi layi

Ƙirga kawuna, kada ka ƙirga kwanduna. Bisa lissafin da ke sama, mutum ɗaya daidai yake da abu 13 zuwa 14. In layin masu kaya kaɗan na da mutum shida, ɗaya layin kuma mutum biyu masu matsakaicin kaya, bi bayan mutum biyun.

Sannan ka dubi hannun waɗanda ke gabanka. Wanda ke riƙe da takardar jika goma (sefa 10,000) da kwalbar lemo ɗaya zai tsayar da layi. Haka wanda ke riƙe da ledar tuffa ko dankalin turawa da ba a manna mata farashi ba, da wanda ke ta danna waya yana jiran a turo masa kuɗin da zai biya. In ka ga wani tsaye bayan mai kes yana nuna mata inda za ta danna, sabuwa ce tana koyo, kuma haƙƙinta ne a yi mata haƙuri, amma in kana sauri ka koma ɗaya kes ɗin.

Da zarar ka zaɓa, ka tsaya. Mai sauya layi bayan ya yi minti uku yana komawa ƙarshen wani ne, ya yi asarar ukun.

Lokacin zuwa ma na da nasa. Litinin da Juma'a, ranakun kasuwar Maradi, gari na cika da baƙi. Tsakanin la'asar da magariba ma'aikata sun tashi, kowa na biyawa ya sayi na gida. Ƙarshen wata in albashi ya shiga, da jajibirin salla, da awa ɗaya kafin buɗa-baki a watan azumi, babu dabarar da za ta rage maka layi. Wanda ke da zaɓi ya je da hantsi, ko bayan azahar lokacin da rana ta kori mutane.

Me ake ƙirgawa abu ɗaya?

Nan ake yawan cacar baki. Ƙa'idar da ta fi adalci ita ce: duk abin da ke wucewa a gaban na'ura sau ɗaya, abu ɗaya ne. Fakitin ruwa mai kwalba 6 da ba a yage ledarsa ba, ɗaya ne. Katan ɗin madara a rufe, ɗaya ne. Ledar albasa da aka auna aka manna mata takarda, ɗaya ce. Sardin gwangwani 8 iri ɗaya kuwa, mai kes na iya wuce ɗaya ta danna 8, don haka ba ya cin lokaci, muddin ka haɗa su wuri ɗaya ka faɗa mata adadin. Amma yawut 8 masu ɗanɗano daban-daban abu 8 ne, domin kowane ɗanɗano da lambarsa, ko da farashinsu ɗaya. In ta wuce su da lamba ɗaya, lissafin kayan da suka rage a kanti zai rikice.

Wanda ya haura da abu ɗaya ko biyu, ya tambayi mai kes tun kafin ya sauke kaya. Wanda ya zo da 25 a layin 10 ya ci haƙƙin na bayansa, ko da ba wanda ya tanka masa.

Gyara kayanka tun a wurin ɗauka

Zanen layuka baƙi da fari da ke jikin kaya, shi na'ura ke karantawa, kuma lambobi 13 ne a ƙarƙashinsa a yawancin kayan da ke zuwa mana. Farashin ba ya cikin zanen. Yana cikin kwamfutar kanti, zanen kawai yana gaya mata wane kaya ne. Daga nan ne matsaloli uku ke fitowa, kuma kowace da maganinta.

Ta farko, na'ura ta kasa karanta zanen. Kaza ko kifi daga firigo sukan zo da ƙanƙara ko raɓa a kan zanen, sai ka share da hannu kafin ka miƙa. Ledar makaroni ko ta omo takan yamutse, sai ka miƙar da wurin da yatsu biyu. Wani lokaci ma'aikacin kanti ne ya manna takardar farashi a kan zanen, ko gwangwani ya lotse daidai wurin. In ka lura tun a kan kanta, mayar ka ɗauki wani. In ka riga ka iso kes, mai kes za ta buga lambobin 13 da hannu. Lambar ƙarshe ta tantancewa ce, in mai kes ta kuskure ɗaya na'ura za ta ƙi karɓa, ta sake daga farko. Karanta mata lambobin uku-uku ya fi a tsaya ana juya gwangwani a gaban haske.

Ta biyu, na'ura ta karanta amma ta ce ba ta san kayan ba. Wannan na faruwa da sabon kaya da aka jera kafin a shigar da shi kwamfuta, musamman wanda aka sauke daga Najeriya ta garin Ɗan Isa na kan iyaka aka jera shi ranar. Sai an aiki yaro ya duba farashi, ko an kira mai kanti a waya. Hanyar tsira mai sauƙi ce: duk abin da ka ga babu farashi a jikinsa, ɗauki hoton takardar farashin da ke kan kanta da wayarka. In can ma babu, tambayi mai jera kaya kafin ka shiga layi.

Ta uku, farashin kan kanta ya saɓa da na na'ura. Yawanci an sauya a kwamfuta ne ba a sauya takardar ba, ko wani ya ajiye babban gwangwani a gurbin ƙarami. Duba nauyin da aka rubuta: tumatir mai giram 400 da mai giram 800 kamanninsu ɗaya daga nesa. Ka sa ido a kan allon na'ura lokacin da ake wuce kayanka, ka yi magana nan take. Cire abu kafin a rufe lissafi dannawa ɗaya ce ko biyu. Bayan tike ya fito kuwa, a kantuna da yawa sai shugaban kes ya zo da makulli ko lambar sirrinsa, layi kuma na tsaye har ya iso.

Kayan awo a auna su kafin layi. In sikeli na ɓangaren kayan lambu, can za a manna maka takarda. Wanda ya iso kes ba takarda dole ya koma, ko a koma masa.

Ranar lalacewa ma a kan kanta ake duba ta. Kayan da aka rubuta da Faransanci da na Najeriya galibi rana ce ke gaba, sai wata, sai shekara. Madara, yawut da abincin jarirai su ne ba a sakaci da su. Gano cewa yawut ya wuce kwanansa a gaban kes na nufin komawa firigo, mutum biyar na jiranka.

Canji

Wannan shi ne babban abin da ke kashe layin masu kaya kaɗan, kuma dalilin a fili yake: ƙananan sayayya su ne suka fi cin canji. Ka sayi kayan sefa 650 ka miƙa jika goma. Canjinka 9,350 ne: takardar jika biyar ɗaya, ta jika biyu guda biyu, sai 200, 100 da 50 na ƙarfe. Kuɗi shida ke nan daga aljihun kes. Mutum huɗu ko biyar su yi haka a jere da safe, aljihun ya bushe, sai a fara aika yaro shagon maƙwabci ko wurin mai shayi.

Abin yi shi ne ka san jimillarka tun kana layi. Haɗa farashin a kai ko a waya, ka ciro kuɗin ka riƙe a hannu. Ka yi ƙoƙarin cike wutsiyar lissafi da ƙananan kuɗinka. In jimilla 1,350 ce, kana da takardar jika biyu da 350 na ƙarfe, miƙa 2,350 gaba ɗaya, a maido maka takardar jika ɗaya. In 650 ce kuma jika goma kaɗai gare ka, ƙara 150 a kai, canjin ya zama 9,500, ba sai an nemi ƙananan silalla ba. Ka faɗa da baki lokacin da kake miƙawa: "Ga jika biyu da dala saba'in, jika ɗaya za ki ba ni." Mai kes da ta riga ta buga 2,000 a na'ura kafin ka ƙara sauran takan rikice, don haka a miƙa tare.

A kula da bambancin abin da allo ke nunawa da abin da baki ke faɗa. Na'ura da sefa take ƙirga, mu kuma da dala, kowace dala sefa 5. In allo ya nuna 500, mai kes za ta ce ɗari. In ya nuna 100, za ta ce ashirin. Baƙon da ya zo daga Katsina ko Jibiya, da yaron da aka aika, nan suke yawan sarƙewa. In kana shakka, dubi allo, shi ba ya sauya lissafi.

Naira kuma a canza ta wurin ƴan canji kafin a shigo. Ko kantin na karɓa, sai an tsaya lissafin farashin ranar, an yi ja-in-ja a kansa, kuma da wuya ka samu farashin da za ka samu a kasuwa.

Takardar da ta yage, da kuɗin ƙarfen da ya goge har ba a ganin rubutunsa, da 250 ta ƙarfe da wasu ke ƙi, duk suna jawo gardama. Kada ka sa su cikin kuɗin da za ka biya da su a layin sauri in kana da wasu. In kuma ba a da canjinka, kana da zaɓi uku: ka ɗauki wani ƙaramin abu da kake bukata da gaske, kamar ashana ko magi, ka matsa gefe ka jira a samu daga na bayanka, ko a rubuta maka ragowar a bayan tike da sa hannu. Alewa a madadin dala biyar ba dole ba ce. In ba ka so, ka faɗa cikin ladabi. Matsawa gefe ita ce ta fi, don layi na ci gaba, kuma sau da yawa mutum na biyu ko na uku zai kawo silallan da ake nema.

Biya ta waya ko da kati

Airtel Money, Moov Money da makamantansu na kawar da matsalar canji, amma suna kawo tasu in ba a shirya ba. Tambayi mai gadi ko mai kes tun shigowarka wane suke karɓa. Duba abin da ke asusunka kana layi, tare da la'akari da kuɗin caji in akwai. Lambar kanti galibi na manne kusa da kes, ka shigar da ita tun kafin a zo kanka, ya rage adadi da lambar sirri kawai. Kafin ka tabbatar, karanta sunan da ya fito.

In saƙon shaida ya yi jinkiri, kada ka sake turawa. Wannan kuskuren ne ke sa mutum ya biya sau biyu, maido da kuɗin kuma sai an bi dogon zango. Duba asusunka: in kuɗin sun fita, nuna wa mai kes, ka tsaya gefe har saƙon ya iso wayar kanti. In rezo, wato sabis na waya, ya ɗauke gaba ɗaya, tsabar kuɗi ce mafita, shi ya sa yake da kyau a riƙe jika ɗaya ko biyu a aljihu ko da an yi niyyar biya ta waya.

Na'urar kati ma da rezo take aiki. Lambar sirri kuskure sau uku na rufe kati, don haka in ka kuskure sau biyu ka dakata. In na'ura ta ce ba a yi ba, karɓi ƴar takardar da ta fitar ka ajiye, ita ce hujjarka a banki in daga baya ka ga an cire kuɗi.

Zama da mutane a layi

Tsoho, mai juna biyu, mai goyo da mai rashin lafiya, a ba su hanya ba sai sun roƙa ba. Wanda ke da abu ɗaya kuma yana son wucewa, wanda ke gabansa zai roƙa, ba mai kes ba: "Hajiya, don Allah burodi kaɗai ne a hannuna, kuɗina daidai, ko za ki bar ni in wuce?" Da wuya a hana. Amma alfarmar ta mutum ɗaya ce. In mutum huɗu suka bi ta wannan ƙofa, Hajiya ta koma ta biyar ba laifin tsaye ba na zaune.

Ajiye kwando a layi a tafi ci gaba da sayayya ba riƙe wuri ba ne. Komawa ɗauko abu ɗaya da aka manta, bayan an gaya wa na baya, wannan kowa na ɗauka. In aka zo kanka ba ka dawo ba, na baya ya wuce.

In wani ya tsallake layi, ko ya zo da kaya fiye da ƙima, kalma ɗaya cikin sanyin murya ta isa: "Alhaji, layin daga can ya faro." In bai ji ba, bar wa mai kes ko mai kanti. Gardama a gaban kes ta fi kayan nasa cin lokaci. Kada kuma a sauke fushi a kan mai kes saboda farashi ko rashin canji. Ba ita ke sa farashi ba, kuma duk giɓin da aka samu a aljihun kes da dare ita za a tambaya.

Yaron da za a aika, a rubuta masa kayan da girmansu, a ba shi kuɗi kusa da daidai, a kuma gaya masa abin da zai bari in kuɗin ba su isa ba.

Bayan ka biya, ƙirga canjinka a gaban mai kes kafin ka ɗaga, sannan ka matsa ka duba tike a gefe. Takardar tike zafi ne ke fitar da rubutunta, ba tawada ba. A bazarar Maradi, in ka bar ta a rana ko cikin akwatin babur, za ta yi baƙi ko rubutun ya dushe. In ka sayi abin da wataƙila za ka maido, ɗauki hotonta.

Ga masu kanti

Allon layin ya kasance da lamba babba da ake gani daga ƙofa, da Hausa da Faransanci, da zanen ƙaramin kwando don wanda ba ya karatu. Mai kes ta yi magana tun mutum bai sauke kaya ba, don korar wanda ya riga ya zube abu 20 a kan tebur ta fi wuce masa su cin lokaci. A wannan kes ɗin kada a karɓi maido da kaya, kada a rubuta bashi, kada a yi awo, kada a sayar da katan-katan na ƴan sari.

A buɗe shi da canji na musamman, ya fi na sauran kes yawan ƙanana. Misalin jika 30 da za ta ɗauki safiya: takardar 1,000 guda 10, 500 guda 20, 200 guda 10, 100 guda 50, 50 guda 40, 25 guda 40. A sake cikawa kafin la'asar. Farashin da ya ƙare da 05 ko 15 ko 35 yana cin silallan da suka fi wuyar samu, gara a tsayar da shi a kan 25, 50 ko 100.

Kowane sabon kaya a shigar da shi kwamfuta kafin a jera, kuma ranar da aka sauya farashi a na'ura a sauya takardar kan kanta. A haɗa kwamfutar kes da batirin riƙe wuta, domin in NIGELEC, kamfanin wuta, ta ɗauke ana tsakiyar lissafi, kafin janareto ya tashi na'ura ta mutu, sai an jira ta kunnu an sake wuce kayan daga farko. Nadin takardar tike na nuna jan layi a gefe in ya kusa ƙarewa, a ajiye sabo biyu a ƙarƙashin tebur, a sauya da zarar jan ya bayyana. Shugaban kes mai lambar soke lissafi ya zauna inda zai ji kira a lokutan cunkoso.

Kantin da kes biyu kawai gare shi, sau da yawa layi ɗaya mai ciyar da duka biyun ya fi ware ɗaya ga masu kaya kaɗan. Duk kes ɗin da ya samu sarari sai na gaba ya je, kuma in ɗaya ya tsaya neman canji ɗayan na ci gaba da jan mutane. A ja igiya ko a jera katan don a san inda layin ya faro, a ware kes na masu kaya kaɗan sai a sa'o'in la'asar zuwa magariba da ranakun kasuwa.